Bugu Biyu a Jikin Bututu

Sifanar ce ta fara faɗuwa. Ina kan keken ɗinki na ji ƙararta a kan siminti, ban ko ɗaga kai ba, don Injiniya ba ya aiki sai da hayaniya. Yana tsugune a wurin wanke-wankena yana ɗaure famfon da ya yi mako yana ɗiga, yana kuma yi mini faɗan da ya saba, wai ni nake murɗe kan famfo kamar muna gaba da shi.

"To ka gyara shi yadda zai jure murɗa mana," na ce.

Bai rama ba. Shirun nan ne ya sa na juyo, domin shekara ashirin da shida muna maƙwabtaka, ɗakinsa a jikin nawa, ban taɓa jefa masa magana ta faɗi ƙasa ba. Na gan shi zaune dirshan yana kallon hannunsa na dama kamar na aro. Ya sa na hagu ya ɗaga shi, ya saki, hannun ya faɗo kan cinyarsa. Gefen bakinsa na dama ya zazzago, yawu na bin haɓarsa.

"Injiniya, lafiya?"

Ya buɗe baki. Abin da ya fito ba magana ba ce, wani dagulallen sauti ne. Ya sake gwadawa, ya ji kansa, na ga tsoro ya shiga idonsa. Na tashi zan kira mutane, ya damƙe bakin zanena da hannun hagu. Haka muka zauna kusan minti goma, ni a durƙushe, shi yana hararar hannunsa. Can yatsun suka motsa, bakin ya koma daidai. Ya goge haɓa da hannun riga.

"Miƙo mini sifanar, Mai Keke."

"Sifanar me? Tashi mu tafi asibiti."

"Iska ce ta shiga layi. Ta fita."

Injiniya ba injiniya ba ne, ko takardar firamare ban taɓa ganin tasa ba. Mai gyaran famfo ne, mu muka laƙaba masa sunan don tsiya, shi kuma ya karɓe da hannu bibbiyu. Shi ya shimfiɗa kowane bututu na gidan hayarmu tun ana gini, hawa biyu, ɗaki goma sha huɗu, kuma bai taɓa zana taswirarsu a takarda ba. Ya ce takarda gara ke cin ta, kansa ya isa. In wani wuri na yoyo, ba ya fasa bango yana lalube. Yana da wata doguwar sukudireba mai ƙotar katako, sai ya ɗora bakinta a jikin bututu, ya manna kunne a ƙotar, ya lumshe ido, ya gaya maka inda ruwa ke gudu. Ƙotar har ta yi baƙi saboda maiƙon kunnensa.

Kowace safiya shi ke hawa sama ya buɗe tankin gida. In ya sauko sai ya bugi bututun da ya ratsa bangon da ke tsakaninmu sau biyu da sifana, in san ruwa ya iso. Ya fara wannan ne lokacin da maigidana ke jinya, ina bukatar ruwa da wuri. Maigidana ya rasu, matar Injiniya ma ta bi baya, bugun bai tsaya ba. Ban taɓa gode masa ba, shi ma da na gode da ya ji haushi.

Ranar ban ƙyale shi ba. Na ce, "Kai da bakinka kake gaya wa mutane, in bututu ya toshe ya buɗe da kansa kada su yi murna, dattin gaba ya matsa, zai dawo ya fi na da. Sau nawa na ji ka?"

"Wannan bututu ne. Ni mutum ne."

"Ina maganin hawan jinin da aka ba ka?"

Ya yi kamar bai ji ba. Na jawo akwatin kayan aikinsa na buɗe, ga kwalin nan a cikin ƙusoshi, ko ɓare shi ba a yi ba. Na ce zan buga wa ɗansa waya. Ɗa ɗaya gare shi, lauya ne a wani gari mai nisa, mu ma Lauya muke ce masa tun yana ƙaramin mai gardama.

"Ki kira shi, ya zo ya kwashe ni kamar tsohuwar katifa ya kai ni bene hawa takwas in riƙa kallon taga. In kika kira shi, Mai Keke, ni da ke mun gama magana."

"Ai daman hutu zan samu."

Ya ƙarasa ɗaure famfon, ya tattara kayansa ya fita. Ban kira Lauya ba. Kwana uku muna wuce juna a baranda kowa ya ɗaure fuska, amma kowace safiya bugun nan biyu yana zuwa a kan lokaci.

Rana ta huɗu bugun bai zo ba. Na murɗa famfo, babu ruwa. Na ɗaga murya yadda zai ji ta bango na ce, "To ka riƙe ruwanka, ka sha ka ƙoshi." Na hau keke. Ina da ɗinkin kayan makaranta guda tara, na taka keken nan da fushi tun safe har rana ta take. Sai da zaren ƙasa ya ƙare keken ya yi shiru, sannan na ji. Wani ɗan ƙwas ne a jikin bututu, mara ƙarfi, ya tsaya, ya sake, ya tsaya.

Direban da ke haya a sama shi ya ɓalle ƙofar. Injiniya na kwance a ƙasa tsakanin gado da bango, takalmi ɗaya a ƙafarsa, sifana a hannun hagu, gaɓoɓin yatsunsa duk sun saluɓe. Tun safe yake buga mini, ni kuma ina taka keke. Wannan abin har yau yana ci na, kuma ba na so kowa ya ce mini ba laifina ba ne.

A asibiti aka ɗauki hoton ƙwaƙwalwarsa. Na buga wa Lauya waya, washegari ya iso da jajayen idanu. Likitar, wata siririyar mace mai saurin magana, ta tsaya a bakin gado ta zana mana abin a bayan wata takarda.

"Manyan jijiyoyi huɗu ke kai jini ƙwaƙwalwa, biyu ta gaban wuya, biyu ta ƙeya. A ƙasan ƙwaƙwalwa suke haɗuwa su yi zobe, daga nan rassa su fita. Reshen gaba in ya toshe, ƙafa ce ta fi mutuwa. Na baya in ya toshe, gani ne ke taɓuwa. Na tsakiya shi ke ciyar da fuska da hannu, kuma na ɓangaren hagu shi ke riƙe da magana. Nasa ke nan." Ta yi ɗigo da biro. "Gudan jini ne ya tsaya a nan. Hagu ya toshe, dama ta shanye. Abin da ya same shi kwana huɗu da suka wuce gargaɗi ne. Jiya kuma da an kawo shi cikin awa huɗu, akwai allurar da ke narkar da gudan."

Na lissafa awannin a raina, bakwai ne. Na kalli ƙasa.

Wayar Lauya ta yi ƙara, ya fita. Sai Injiniya ya miƙa hannun hagu ya fizgi takardar. Ya ƙura mata ido yadda yake ƙura wa aikin wani mai gyara in yana neman aibu. Ya karɓi biron, ya ja layi daga gaban ɗigon, ya kewaye shi, ya haɗe da bayansa. Ya ɗago ya kalli likitar.

Ta yi murmushi. "Mene ne aikinsa?"

"Famfo," na ce.

"Shi ya sa. Baba, kewaye kake so a yi? Zoben nan aikinsa ke nan, amma toshewarka ta wuce shi, tana can cikin reshe. Abin da ya bushe ya riga ya bushe. Sai dai mu tsare sauran."

Ya gyaɗa kai a hankali, ya mayar mata da biron. Ta ce mini yana jin komai, yana gane mafi yawa, hanyar fitar da maganar ce ta lalace. Ta faɗa wa Lauya haka da ya dawo, ya ce to, amma na ga bai shige shi ba.

Kalma ɗaya ta rage wa Injiniya a duniya, ita ce "a'a". Na ce masa Allah ya san wadda ya fi amfani da ita, ita ya bar masa. Ya harare ni da ido, rabin bakinsa ya yi dariya. Amma ga Lauya abin ba na dariya ba ne. Ranar da aka sallamo shi, bayan mako biyu, ya durƙusa gaban keken guragun ya ce, "Baba, ka gane ni?" Injiniya ya kama kafaɗarsa ya ce, "A'a." Na ga fuskar Injiniya ta yamutse da ya ji abin da bakinsa ya faɗa. Lauya bai gani ba, ya riga ya juya yana share ido.

Daga nan ya yanke shawara. Ranar Asabar zai tafi da mahaifinsa, a saki ɗakin, a ba da kayan aikin ga duk mai so.

"Ka tambaye shi?" na ce.

"Mama, in tambayi wa? Ko ruwa kika miƙa masa a'a zai ce, sannan ya shanye. Baba ya tafi, jikinsa ne ya rage. Ba zan bar shi a ɗakin da ya yini a ƙasa ba wanda ya sani ba."

Wannan ta same ni a inda yake ciwo. Yaron ba mugu ba ne, tsoro ne ya cika shi. Amma ni na ga layin da aka ja a takardar likita, na san mutumin yana nan ciki daram, kuma na san in aka raba shi da gidan nan ba zai kai wata ba.

Tun yana asibiti bangon baranda ya fara jiƙewa. Danshin ya bi ta ƙasan ƙofata, fenti ya kumbura, yadina biyu suka yi funfuna. Mai gidan hayar ya kawo wani mai gyara ranar Asabar ɗin da hantsi, daidai lokacin da Lauya ke ɗaure kayan ɗakin a kwalaye. Mai gyaran ya ƙwanƙwasa nan, ya ƙwanƙwasa can, ya ce sai an fasa daɓen daga ƙofata har bakin matakala, in ba a samu ba a shiga bangon ɗakina. Ya ɗauko guduma.

"A'a."

Injiniya ne, a keken guragunsa a bakin ƙofa inda aka ajiye shi kada ya tare hanya.

"A'a. A'a. A'a."

"Sannu Baba, yanzu za mu tafi," Lauya ya ce daga ciki.

Injiniya ya kalle ni, ya kai hannu ya taɓa kunnensa. Ban tsaya neman izinin kowa ba. Na shiga ɗakin, na yage kwalin da Lauya ya gama ɗaurewa, na zaro sukudirebar da sifanar na ɗora masa a cinya.

"Mama, me kike yi haka?"

"Aiki zai yi. Kai kuma malam, ajiye gudumar nan, ƙofata ce."

Na zagaya gidan ɗaki ɗaki na sa aka rufe kowane famfo, aka kashe rediyo, kamar yadda yake sa mu yi a da. Mutane suka firfito suka tsaya a matakala. Na tura keken zuwa inda bututu ya fito daga bango. Ya ɗora bakin sukudirebar, ya sunkuya, kunnensa bai kai ba. Ya gwada sau biyu. Sai kawai ya tura kansa gaba ya zame daga keken, ya sauka ƙasa da gwiwa da kafaɗa. Lauya ya zaburo zai ɗaga shi, Injiniya ya ɗaga masa sukudirebar kamar zai maka masa.

"A'a."

Wannan karon kowa a barandar ya san abin da take nufi.

Da jan ciki ya bi bangon, hannun dama na biye da shi a ƙasa, rigarsa na sharar siminti. Ya saurara a nan, ya matsa, ya saurara a can. Ya wuce wurin danshin ko kallonsa bai yi ba. Ya wuce ƙofata. Gumi ya jiƙa masa wuya, numfashinsa har matakala ana ji. Na so in kama shi, na riƙe hannuna a ƙirji na danne. Can bayan matakala, inda bango yake a bushe ƙayau, ya daɗe da kunne a ƙotar, ido a lumshe. Sannan ya miƙo mini hannu. Na zaro allin awo daga bakin zanena na ba shi. Ya yi wata karkatacciyar alama a bangon, daidai tsayin gwiwa.

Mai gyaran ya yi 'yar dariya. "Baba, ruwa yana can, nan ko raɓa babu."

"Ruwa ba ya fita a inda ya fashe, inda ya sami hanya yake fita," na ce. "Shekara ashirin da shida ina jin wannan karatun, na haddace."

"In na fasa nan babu komai, wa zai gyara?"

Lauya ya zo ya karɓi gudumar daga hannunsa. Da farar rigarsa ya tsuguna gaban mahaifinsa. "Baba, nan ne?"

"A'a," in ji Injiniya. Ya runtse ido don takaici. Ya nuna mini sifanar da ta faɗi kusa da keken, na miƙa masa, ya bugi bututun da ke gefen matakala sau biyu.

"Biyu, ruwa ya iso ke nan," na ce. "Fasa."

Bugu na huɗu bulo ya rufta. Ruwa ya yi tsartuwa ya wanke wa Lauya fuska da riga. Gwiwar bututun ce ta tsage, tana nan a bayan alamar, ko faɗin tafin hannu bai kauce ba. Direba ya tafa sau ɗaya ya daina, don ya ga Lauya bai tashi ba. Yana durƙushe cikin ruwan, kafaɗunsa na rawa.

Da ya samu kansa ya ce, "Baba, in kana so ka bi ni gidana, buga biyu."

Injiniya ya ɗora sifanar a cinya, ya kalli sama.

"In nan kake so ka zauna fa?"

Bugun da ya yi har tanki sai da ya amsa.

Lauya bai sauka daga lauyancinsa ba, sai da ya kafa sharuɗɗa. Za a ɗauki mai jinya ta riƙa yini, za a sha magani a gabana safe da yamma, mabuɗi ɗaya zai zauna a hannuna. Kowane sharaɗi Injiniya ya ce a'a, sannan ya buga biyu. Aka kwance kwalayen. Mai gyaran ya canja gwiwar, Injiniya na zaune a kansa yana nuna masa da sifana inda bai ɗaure da kyau ba, har mutumin ya fara ce masa maigida.

Mako biyar ya ƙara a ɗakinsa. Direba ne ya karɓi hawa tanki, in ya sauko ya leƙa ya ce an buɗe, Injiniya ya buga mini daga kan gado. Na jawo kekena na dawo da shi jikin bangon, kuma duk rabin awa nakan ɗaga ƙafa in saurara. Da rana in kai masa shayi mu yi faɗa, ni da baki, shi da ido da kalmarsa ɗaya, kuma ba kullum nake cin nasara ba. Hannun bai dawo ba. Ƙafar ta ɗan motsa, har ya kai ga tsayawa riƙe da ƙofa yana hararar masu barin famfo a buɗe.

Wata Talata da safe na ji saukowar direba, na ji ya leƙa, na jira. Bugun bai zo ba. Wannan karon ko numfashi uku ban yi ba na ɗauki mabuɗi. Yana kwance ta gefen hagu, fuskarsa na kallon bututun, sifana a hannunsa. Jikinsa da ɗumi, amma ya riga ya tafi. Direba ya ce ya ɗauka barci yake. Likitar ta ce wataƙila jijiyar ƙeya ce ta toshe, wadda ke ciyar da inda numfashi yake, kuma ba ya ɗaukar lokaci. Na yi kuka sosai, na kuma ji haushinsa, don ya tafi ina da sauran maganganun da ban rama ba.

Bayan an kai shi, Lauya ya kwashe kayan. Da zai tafi ya tsaya a ƙofata ya miƙo mini sukudirebar.

"Mama, ban san me za ki yi da ita ba."

"Ni ma ban sani ba. Kawo."

An shafe ramin bayan matakala da sabon siminti, amma wani ɓangare na alamar allin ya tsira a gefe, na kuma hana a goge. Jiya da safe na ji direba ya hau sama. Na ɗauko sukudirebar daga aljihun keke, na ɗora bakinta a jikin bututun, na manna kunne a baƙar ƙotar. Da fari shiru. Can sai na ji ruwan yana saukowa daga tanki, ya bi ta bayan matakala, ya ratsa ɗakin da babu kowa, ya iso wajena.